Masu Talla Sun Hana Ni Barci, Kuma Ba Halin In Kashe Waya

Assalamu alaikum Anti. Matsalata za ta yi kama da ƙarama, har kunyar rubuto ta na ji, amma wallahi ta ishe ni. Aikin dare nake yi, sai gari ya waye nake dawowa gida in kwanta. Da barci ya fara ɗibata sai waya ta hau ruri. In na ɗauka, wani ne zai sayar mini da inshora, ko wata ce za ta ba ni rancen da ban nema ba. Wani lokaci ma ba mutum ba ne, murya ce aka naɗa. Wani lokaci kuma in yi ta "halo, halo", shiru, sai a katse. Saƙonni kuwa ba a magana: na ci kyauta, in danna nan, in shiga gasa. Lambobin da na toshe sun fi a ƙirga, gobe sai su zo da sabuwa. Na tura STOP ga wasu, sai na ga kamar ƙaruwa ma suka yi.

Za ki ce in kashe wayar. Ba hali. Mahaifiyata ba ta da lafiya kuma ba gari ɗaya muke ba. Ƙanena ne a wajenta, wani lokaci da wayar maƙwabci ko ta wani ma'aikacin asibiti yake kirana. Duk baƙuwar lambar da na gani sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya wata yarinya ta tashe ni da talla, na wanke ta tas har na ji muryarta na rawa, tun ranar abin yake damuna. Maigidana ya ce in jefar da layin in sayi sabo, ni kuma shekara 11 ina riƙe da shi, banki da wajen aiki duk shi suka sani. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki mai jinyar uwa daga nesa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ce, ke da ƙanenki kuma ya ba ku ladan jinya. Ki daina kiran wannan ƙaramar matsala. Wanda ya kwana a tsaye, aka hana shi runtsawa da rana, kuma zuciyarsa tana can wajen mara lafiya, shi ya san abin da ƙarar waya take yi wa ƙirji.

Layin nan kada ki jefar da shi. A gaya wa maigida na gaishe shi, kuma zan dawo kan shawararsa don akwai rabin gaskiya a cikinta, amma rabuwa da lambar da banki ke turo wa lambar sirri, wadda wajen aiki da dangi suka haddace, wahala ce ta watanni. Sannan abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: "sabon" layi ba lallai ne ya zama sabo ba. Kamfanonin sadarwa suna karɓe lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba su sake sayar wa wani. Kina iya sayen layi yau, gobe a fara kiranki ana neman mai shi na da ya biya bashi. An guje wa gara ke nan an faɗa gidan zago. Tsohon layin naki kuma, in kika bar shi ya mutu, wata rana yana hannun wani, saƙonnin bankinki na sauka a wayarsa.

Bari mu fara da barcinki, don shi ne abin da za a iya gyarawa yau, kafin a zo kan masu kiran.

Kuskuren da kike yi, wanda kusan kowa ke yi, shi ne bin masu damun ki ɗaya bayan ɗaya kina toshewa. Su ba su da iyaka. Waɗanda kike so su iya tashin ki daga barci kuwa ba su wuce ki ƙirga da yatsun hannu ba. To ki juya lissafin. A wayoyin zamani, Android ne ko iPhone, akwai wani tsari na "kar a dame ni", a rubuce za ki gan shi Do Not Disturb. A iPhone alamarsa jinjirin wata, a Android galibi da'ira ce da ɗan layi a tsakiya. Idan kika kunna shi waya ba ta mutu ba, kira yana shiga, saƙo yana shiga, ƙara ce kawai ba ta yi. A cikin saitinsa akwai wajen da za ki zaɓi mutanen da aka yarje wa su ratso. Ki shiga jerin lambobinki ki sa wa ƙanenki tauraro, da Mama, da maigida, da maƙwabcin nan da ake aron wayarsa, da duk lambar asibitin da aka taɓa kiranki da ita. Sai ki ce masu tauraro kaɗai ne za su yi ƙara. Kina iya sa masa lokaci ma, ya riƙa kunna kansa daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, ko duk sa'o'in da kike kwanciya.

Na san abin da ke bakinki: in ƙanen nawa ya ari wayar wani da ban sani ba fa? An yi tunanin wannan. A cikin saitin akwai zaɓin barin wanda ya sake kira a jere ya ratso. A iPhone, lamba ɗaya in ta sake kira cikin minti 3, kira na biyun zai yi ƙara. A Android minti 15 ne. Abin da ya rage shi ne ki kafa doka tsakaninki da ƙanenki: duk wayar da ya ara, ya kira, in ba ki ɗauka ba ya katse ya sake kira nan take. Na'urar masu talla ba ta cika yin haka ba, in ta buga ba a ɗauka ba gaba take yi zuwa lamba ta gaba, sai an jima ko gobe ta dawo. Za a samu mai naci jefi-jefi, amma tsakanin a tashe ki sau ɗaya a mako da a tashe ki sau shida a wuni akwai rata. Ki gwada tsarin tun kina farke, ki sa maigida ya kira ki da wata lambar da ba ki ajiye ba, sau ɗaya, sannan sau biyu, ki ga da idonki. Kada ki bari sai ranar da ake neman ki da gaggawa ki gane akwai abin da ba ki danna ba.

Akwai wani saitin daban da ke tura kiran duk baƙuwar lamba kai tsaye zuwa akwatin saƙon murya ba tare da ƙara ba, dare da rana. iPhone ta shigo da shi a 2019. Ga wasu yana da amfani. Ke kam, da mara lafiya a asibiti, ban ba ki shawararsa ba. A WhatsApp ne zan ce ki kunna irinsa, yana ƙarƙashin saitin sirri tun 2023, don ba ta nan asibiti zai neme ki ba. Ki kuma gyara wanda ke da ikon jefa ki a guruf, ki mayar da shi sai wanda ke cikin lambobinki.

Ga rabin gaskiyar maigida. Idan wayarki ƙarama ce mai madannai wadda ba ta da waɗannan saituna, ko kuma hankalinki bai kwanta da su ba, ki sayi layi na biyu, amma ki ajiye na farko. Sabon ki sa shi a 'yar ƙaramar waya, mutum huɗu ko biyar kaɗai za su san shi, kuma kada ya taɓa hawa kan fom, ko takardar gasa, ko wata manhaja. Ki kunna shi mako guda kafin ki raba, ki ga ko tsohon mai shi ya bar miki gadon masu kira. In ya yi tsit, shi ke nan: lokacin barci babbar waya ta yi shiru a falo, ƙaramar ta kwana kusa da matashinki. Ki riƙa ɗan yin kira da shi lokaci-lokaci don kada kamfani ya ɗauka ya mutu.

Yanzu masu kiran. Shirun nan da kike ji bayan kin ce "halo" ba aljani ba ne kuma ba wani ne ke miki iya shege ba. Kamfanonin talla ba mutum ne ke danna lamba ba, kwamfuta ce. Tana buga lambobi da yawa a lokaci guda, fiye da yawan ma'aikatan da ke zaune, domin ta san akasarin mutane ba za su ɗauka ba. Wanda ya ɗauka sai ta miƙa shi ga ma'aikacin da ya gama magana. In duk suna kan layi, sai a bar ki da shiru na 'yan daƙiƙoƙi a katse. Ke kin tashi a banza, ita kuwa kwamfutar ta samu abin da take so: ta rubuta cewa wannan lamba tana da rai, kuma mai ita tana ɗauka da misalin ƙarfe goma na safe. Gobe war haka za ta dawo. Ki riƙe wannan da kyau, don kusan duk abin da zan faɗa a kansa ya rataya. Kowace amsa, ko ta zagi ce, shaida ce cewa akwai mutum a bayan lambar, kuma lamba mai rai ta fi matacciya daraja a wajen masu sayar da jerin lambobi.

Toshewar da kike yi kuma ɗiban ruwa ne da kwando, saboda da yawa daga cikin kiran ta intanet ake yin su, kuma mai kira ta intanet yana iya sa kusan kowace lamba ta bayyana a fuskar wayarki. Shi ya sa za ki ga lambar ta yi kama da taki, farkonsu ɗaya, don ki zaci wani na kusa ne. Wadda kika toshe jiya wataƙila ta wani bawan Allah ce da bai san an ari lambarsa ba. Ban ce ki daina toshewa ba, tana maganin kamfanin da ke kira da lamba ɗaya kullum. Kawai kada ki sa ran za ta ƙarar da su.

Masu damun naki ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ke korar wani shi ke kiran wani. Nan ne STOP ɗin da kika tura ya ba ki ruwa.

Akwai masu suna da adireshi: kamfanin layinki da kansa, bankinki, kamfanin inshora, shagon intanet da kika taɓa saye a wajensa. Waɗannan suna da lasisin da suke tsoron rasawa da tarar da suke gudun biya, don haka doka tana kama su. Ƙasashe da yawa sun buɗe rajistar waɗanda ba sa son talla. Amurka ta buɗe tata a 2003, kuma kamfani na da kwana 31 ya cire lambar da aka sa a ciki. Birtaniya na da tata, a can kwana 28 ne. A Indiya lambar ita ce 1909. A Najeriya hukumar sadarwa ta ƙasa ta kafa 2442 a 2016: mutum ya tura STOP zuwa 2442 a rufe masa saƙonnin talla gaba ɗaya, ko ya tura HELP a nuna masa nau'o'in da zai iya zaɓa ya bari, kuma kyauta ne. A Tarayyar Turai, tun 2018 dokar kare bayanai ta ba kowa ikon ce wa kamfani ya daina amfani da bayanansa wajen talla, kuma babu hujjar da kamfanin zai kawo ya ƙi. Ba ki faɗa mini inda kike ba, don haka ki kira kamfanin layinki ki tambaye su yadda ake rufe talla a ƙasarku. In layi biyu ne a wayarki, kowanne sai an yi masa nasa. Ki kuma ba abin mako uku zuwa huɗu kafin ki yanke hukunci. A wasu ƙasashen rajistar ba ta hana 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji da masu jin ra'ayin jama'a kira, kada ki yi mamaki in kin ji su.

Tun kina kan layi da kamfanin naki, ki ce su karanto miki duk wata hidima da aka yi wa layinki rajista. Mutane da yawa ana cire musu kuɗi kullum na labaran wasanni ko waƙar jiran kira ko wata gasa da ba su san ranar da suka shiga ba. Yawanci ta wani ɗan saƙo ake shiga, wanda ke faɗowa tsakiyar fuskar waya ba tare da ya shiga akwatin saƙo ba, ƙasansa OK a gefe ɗaya, sokewa a ɗaya gefen. Mai magagin barci irinki yatsansa OK yake nufa don abin ya kauce masa daga ido, shi ke nan ya saya. Ki koya wa yatsanki ɗaya gefen.

Idan mutum ne ya kira daga irin waɗannan kamfanoni, akwai maganar da ke aiki da wadda ba ta aiki. "Ina barci", "ba yanzu ba", "ba ni da kuɗi", duk a wajensu ma'anarsu ɗaya: a sake kira. A gaban ma'aikacin akwai akwatunan da yake dannawa bayan kowane kira, kuma waɗannan amsoshi akwatin "a sake gwadawa" suke faɗawa. Ni na koyi wannan da wani kamfanin inshora da ya bi ni kusan wata biyu. Kullum sai in ce ina cikin aiki, saurayin ya ce "to Hajiya, yaushe ya fi miki?", ni kuma don kunya in ce wani lokaci. Ashe da bakina nake ba shi alƙawari. Ranar da na gaji, na ajiye abin da ke hannuna na ce, "Ɗana, mene ne sunan kamfaninku?" Ya faɗa. Na ce, "A ina kuka samu lambata?" Ya yi ɗan jim, na ji ƙarar madannai, ya ce a cikin jerinsu take. Na ce, "To ban amince a sake kirana don talla ba. Ka cire ni daga jerin, ka kuma gaya mini in ka cire." Ya ce ya cire. Na rubuta rana da lokaci a bayan wata takarda. Sun sake kira sau ɗaya bayan kwana uku, na karanto musu abin da na rubuta na ce mataki na gaba hukumar sadarwa ce. Ban ƙara jin su ba. Duka maganar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ban ɗaga murya ba.

Sai ɗaya ɓangaren, marasa suna. Mai ce miki kin ci kyauta a gasar da ba ki shiga ba, mai rancen da ba ya son faɗin sunan kamfaninsa, muryar da aka naɗa mai cewa ki danna 1 ki yi magana da wakili ko ki danna 9 a cire ki. Waɗannan ba su duba rajistar kowa, don wanda ya fito sata ba ya tambayar dokar hanya. Su ne kika tura wa STOP suka ƙaru, domin kin tabbatar musu akwai mai karantawa. Danna 9 ɗin ma haka ne. Ka'idar da nake bi mai sauƙi ce: in na san kamfanin kuma na tuna na taɓa hulɗa da shi, zan tura STOP. In ban san shi ba, ko harafi ɗaya ba zai samu daga wajena ba. Kira kuma in na ɗauka na ji naɗaɗɗiyar murya, katsewa nake yi ba sallama.

Kada ki danna adireshin intanet da ya zo cikin irin wannan saƙo, ko da sunan bankinki ne a sama. Sunan da ke bayyana a madadin lamba ana iya ƙirƙirar sa, har saƙon ƙarya ya faɗo cikin jerin saƙonnin gaskiya da banki ya saba turo miki, ƙarƙashin alat ɗin albashinki. In kina shakka, ki kira lambar da ke bayan katinki. Haka lambar ƙasar waje da za ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, kada ki bi ta. Tsohuwar dabara ce, har suna gare ta da Japananci, wangiri, wato ƙara ɗaya a yanke. Lambar mai tsada ce, kina kira kuɗinki na zuba, su kuma suna da kaso a ciki. A manhajar saƙonni ta yawancin wayoyi, in kika danne saƙo za ki ga wajen kai rahoton cewa shara ne. Ki riƙa yi, da shi matatar wayar ke koyo. A Amurka da Birtaniya da Kanada ana tura irin saƙon zuwa 7726.

Akwai abin da ya fi duk wannan tsaya mini a rai tun da na karanta wasiƙarki, kuma ba ki tambaye ni shi ba. Kin ce duk baƙuwar lamba gabanki faɗuwa yake yi. Irinki 'yan damfara ke addu'ar samu. Mutumin da aka tasa daga barci, mai uwa a gadon asibiti, in aka ce masa "daga asibiti ne, jikin Mama ya tashi, a turo kuɗin magani yanzu-yanzu a wannan asusun", ba ya tsayawa tambaya. Kuma ba sai sun san ki ba, ke za ki ba su labarin da bakinki: suna cewa "daga asibiti ne" za ki ce "Mama ce? Me ya same ta?" Don haka ki yanke wa kanki hukunci tun yanzu da hankalinki ke kwance. Duk wanda ya kira da baƙuwar lamba ya ambaci kuɗi, ki ce "zan kira ka", ki katse, ki nemi ƙanenki a lambarsa da kika sani. In ba ta shiga, ki nemi maƙwabcin. Minti biyu ba za su canza komai a jinya ba. Ko muryar ta yi kama da ta ƙanenki kada ki sake, yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta. Ku ajiye wata tambaya tsakaninku da ba mai amsa ta sai ɗan gidanku. Lambar sirrin da banki ke turowa kuwa, babu ma'aikacin banki ko na asibiti ko na kamfanin waya da ke da hurumin tambayar ki ita.

Za ki so ki san inda suka samo lambarki. Shekara 11 lamba ta yi yawo. Takardar gasa, rajistar baƙi a ƙofar ofis, tallan da kika taɓa sawa a intanet, guruf mai ɗaruruwan mutane da kowa ke ganin lambar kowa, manhajar rance da ke kwashe duk lambobin wayar wanda ya sauke ta, wataƙila ma ba ke kika sauke ba, wata ƙawarki ce mai lambarki a wayarta. Ga kuma bayanan da ke zubewa daga manyan kamfanoni: a 2021 an baza bayanan masu amfani da Facebook sama da miliyan 500 a intanet, har da lambobin waya. Wani lokaci ma ba wanda ya ba da lambarki, kwamfuta ce ke jero lambobi bi da bi tana gwadawa. Abin da ya fita ya fita. Na gaba za ki tsare: in fom bai wajabta lambar waya ba ki bar gurbin, ki duba ɗan akwatin nan na "na amince a turo mini tayi" da ake yawan sa masa alama tun kafin ki zo, ki cire alamar. In manhajar tocila ko ta wasa ta nemi izinin ganin lambobinki, ki hana ta, ba abin da ya haɗa ta da su.

Manhajojin tantance mai kira irin su Truecaller suna taimakawa, ba zan ɓoye miki ba; za ki ga an rubuta "talla" da ja kafin ki ɗauka. Sai dai ki karanta izinin da kowace irinsu ke nema kafin ki amince, don jerin lambobinki ba sirrinki ba ne ke kaɗai, amanar mutanen da ke ciki ce. Ki fara duba manhajar kira da ta zo da wayarki, da yawansu suna da matatar talla a ciki, a kashe kawai take tana jiran a kunna.

Saura yarinyar da kika wanke. Damuwar da kika yi ta nuna ke wace ce, amma kada ki ɗora wa kanki fiye da kima. Ba ita ta zaɓi lambarki ba, ba ita ta zaɓi lokacin ba, kwamfuta ce ta jefo mata ke a kunne tana karanta rubutun da aka ba ta, ana kuma ƙirga mata kira nawa ta yi a wuni. Wataƙila ke ce ta goma da ta zage ta kafin azahar. Ke ma an zalunce ki, ita ma ba daɗi take ji ba, wanda ya tsara abin kuma yana can bai ji muryar ɗayanku ba. Neman ta ki ba ta haƙuri ba zai yiwu ba, in kika bi lambar ma wani sabon mai talla za a haɗa ki da shi. Ki nemi gafarar Allah, ki yi mata fatan ta samu aikin da ya fi wannan. Wadda za ta kira gaba, in ta ratso, ki yi mata abin da na yi wa saurayin nan: sunan kamfani, a cire ni, na gode, ki katse.

Yau kafin ki tafi aiki ki kira ƙanenki ki gaya masa dokar kira biyu, ki ce ya turo miki lambar maƙwabcin da ta duk wata nas da ke duba Mama, ki sa musu tauraro. In ya yi wata guda kamfanin da kika sani da suna bai daina ba, ki sake rubuto mini da ranakun da kika rubuta, mu ga yadda za a tsara ƙorafin zuwa hukuma. Ki gaishe mini da Mama da jiki.